Allon da Na Riƙe a Kife

Aikina a makarantar shi ne buga kwafi. Akwai wani ɗan ɗaki a bayan ofishin malamai, taga ɗaya, fanka ɗaya, dogon tebur, sai injin a kusurwa. Nan nake wuni. Malami ya kawo takarda ya ce arba'in, in buga arba'in, in jera, in maƙale, in ajiye masa a gefen tebur. Karatuna bai yi nisa ba. A aji biyu na sakandare na tsaya, shekarar da Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba, shi ya sa Turancin da ke bi ta hannuna kullum ban fi tsintar kalma ɗaya cikin biyar ba. Amma na san takarda. Na san wadda ta sha danshi za ta maƙale, na san wadda sai an shafa ta da tafin hannu kafin a ɗora ta a gilashi. Kowa a makarantar Mai Kwafi yake ce mini, har ƙanwata Auta, wadda take aji biyar, in ta shigo da ƙawayenta sai ta ce, "Mai Kwafi, a taimaka mana," tana danne dariya. A gida ne nake komawa Yaya.

A zango na biyu 'yan aji biyar suna yin makonni shida na darasin Turanci a kan siyasa. Littafin ajinsu babi ɗaya kawai ya ba abin, don haka malamai ke nemo wasu rubuce-rubuce guda biyar su ƙara. Shugabar sashen Turanci, wadda muke kira Malama Babba, yara kuma a bayan idonta suke kira Jan Biro, tana da yadda take yi. Sai ta ajiye kwalin sabulu a ƙofar aji, ta ce kowane ɗalibi ya duba gidansu, duk abin da ya samu an rubuta da Turanci wanda ya taɓa siyasa ya kawo ya jefa a ciki, kada ya sa suna. Bayan mako guda ta ɗauko kwalin, su zauna ita da Malam Dogo, ɗaya malamin Turancin, su tace.

A ɗakina suke zama, don fankar ofishin malamai ta daɗe da mutuwa. Wata ranar Alhamis suka shigo bayan tashin yara, Malama ta zazzage kwalin a kan teburina. Ni ina gefe ina jera takardun lissafi.

"Wannan jawabin ya yi tsawo," in ji Malam Dogo. "Shafi tara. Ni kaina a na huɗu na fara gyangyaɗi."

"Kai ai ko gaisuwa aka ja sai ka yi gyangyaɗi. Ajiye shi gefe, in mun rasa sai mu dawo masa."

"Ga takardar alkawuran wata jam'iyya. Yara shida ne suka kawo iri ɗaya."

"Cire ta. Mu sa ta yau, gobe iyaye su cika ofis su ce muna yi wa wani kamfe da 'ya'yansu. Duk abin da ke da sunan jam'iyya ko ɗan takara mai rai, ba na so."

Haka suka yi ta yi. Suka ɗauki wata waƙa a kan layin masu jefa ƙuri'a, da wani gajeren labari, da wasiƙar da wata mata ta rubuta wa majalisa a kan famfon unguwarsu, da zanen barkwanci na wani mutum mai ƙaton ciki a kan ƙaramar kujera. Huɗu ke nan. Na biyar ya gagara. Malama ta ce tana son abin da yara za su kalla su ce, wannan ai titinmu ne.

Sai ta zaro wata takardar jarida da aka ninke huɗu. Kafin ta buɗe na ji ƙamshin kafur. Da ta shimfiɗa ta sai na ga wani zagayayyen tabon mai a kusurwa, inda murfin kwalbar turare ya taɓa zama. Na san tabon nan. A ƙasan akwatin Ummanmu takardar take, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa. Hannuna ya tsaya a kan takardun lissafi.

Hoto ne ya cinye rabin shafin. Taron siyasa, mutane cike da titi, a gaba kuma wani saurayi da hular rana ya ɗaga allo sama da hannu biyu, bakinsa a buɗe yana dariya, giɓin haƙorinsa na gaba a fili. Allon a kife yake, rubutun kansa a ƙasa.

Malam Dogo ya kwashe da dariya har yana dukan tebur. "Kai, dubi wannan bawan Allah! Da iya ƙarfinsa fa ya ɗaga. Kin ga abin da aka rubuta? Juya takardar. Wai matasa mun waye, mun san abin da muke so."

"Karanta sharhin ƙasan," in ji Malama.

Ya karanta cikin Turanci, yana tsayawa yana ƙara dariya. Sannan ya juyo gare ni don kada a bar ni a baya. "Mai Kwafi, ka san me marubucin ya kira su? Kawunan haya. Wai a cika mota da su kamar buhuna, a sauke, a ɗora."

Na ce, "Allah Sarki."

"Wannan ya yi," in ji Malama. "Ba sunan jam'iyya, tambarin rigar ma hannunsa ya rufe shi. Yara za su yi magana a kansa har a kaɗa ƙararrawa." Ta miƙo mini takardar, ta dube ni ido cikin ido. "Tamanin da huɗu. Ka kula hoton ya fito tas, don a kansa tambayoyin za su tsaya."

Na sa hannu biyu na karɓi fuskata.

Shekara biyu ke nan da ɗaukar hoton, wata shida kafin in samu wannan aikin. Lokacin ba ni da gemu, ba ni da abin yi. Wani maƙwabcinmu ya ce ana neman matasa, akwai riga, akwai shiga mota, sai na bi. Da muka sauka aka miƙo mini allo. Ba mu yi nisa ba sandar ta fita. Na kifa allon a bakin kwalta, na samu dutse na mayar da ƙusar ta baya, na ɗaga. Tun hantsi har la'asar ina riƙe da shi. Abin da ya fi damuna har yau shi ne, ba rashin karatu ne ya jawo ba. Ina gane harafi in ya tsaya da kai. Juyo allon in duba gabansa ne ban yi ba, don ban damu da abin da ke jiki ba. Ana kiɗa, ana ihu, ni ma ina yi.

Bayan kwana biyu wata maƙwabciya ta kawo wa Umma jaridar, ta ce ɗanki ya fito. Umma ba ta karatun boko. Ta shafa hoton, ta ninke, ta sa a akwati. Ni kuwa kallo ɗaya na yi masa na fita daga gidan, ban dawo ba sai da yunwa ta koro ni. Ban taɓa neman wani ya karanta mini abin da ke ƙasa ba.

Yanzu ga shi za a raba wa yara tamanin da huɗu. Malama ba ta gane ni ba, Malam Dogo ma haka, amma yara ba a ɓoye musu irin wannan. Ƙawayen Auta suna zuwa gidanmu tun ba ni da gemu. Ɗaya ta ga giɓin nan ta nuna wa ta kusa da ita, shi ke nan. A raina na ga Auta zaune a tsakiyar aji ana waiwayowa ana kallonta. Na kuma san ba mai buɗe akwatin Umma sai ita, amma wannan tunanin na ture shi gefe, don ban san inda zan ajiye shi ba.

A jikin injin akwai maɓallin ƙara duhu. Duk mai aikin nan ya san hoton jarida ba ya son duhu, ko ɗaya ka ƙara sai fuskoki su fara narkewa. Ranar Juma'a da safe na danna shi har uku. Rubutun ya fito, allon ya fito da ƙyar, saurayin kuwa ya zama baƙin dunƙule mai hannu biyu. Na buga biyar na gwaji na kai wa Malama.

"Wannan mene ne?"

"Injin ne, Malama. Kwanan nan haka yake yi wa hoto."

Ban taɓa yi mata ƙarya ba, don haka ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce a kira Injiniya.

Injiniya dattijo ne, gajere, mai tsohon babur da jakar kayan aiki da aka ɗinke hannunta da waya. Shi ya koya mini cire takarda in ta maƙale ba tare da na yaga ta ba. Kafin ya iso na mayar da maɓallin daidai. Ya buɗe injin, ya goge gilashi, ya hure ƙura, ya duba garin tawada, ya buga takardar gwajinsa ta fito kamar a wanke. Ya ce, "Ɗana, lafiyarsa ƙalau, ƙila zafi ya ji." Ya tafi. Ranar Litinin na sake danna uku, na sake kai wa Malama baƙin dunƙule. Tunanina shi ne za ta gaji ta koma wa jawabin nan mai shafi tara.

Ba ta gaji ba. Wajen shugaban makaranta ta tafi, shi kuma ya sa aka sake kiran Injiniya, ya biyo shi har ɗakina.

"Malam, in aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa mana," in ji shugaba, a gabana, a gaban Malama. "Ka zo ka hura iska ka tafi. Akwai yara masu sabon ilimi a gari, ba sai mun ta fama da kai ba."

Injiniya ya ajiye jakarsa ya ce, "A ba ni takardar da take ba da wahalar, ita kanta."

Ba yadda zan yi. Na miƙa masa. Ya shafa ta da tafin hannu, ya ɗora, ya danna da kansa. Ta fito tas, har zaren hular ana gani. Ya ɗaga kwafin kusa da taga ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ya dube ni, bai wuce ƙiftawar ido biyu ba. Na rufe bakina, amma na makara.

Sai ya durƙusa ya buɗe ƙofar gefen injin, ya sa sukundireba ya taɓa wani wuri da ni da shi mun san ba abin da ya same shi. Ya miƙe yana goge hannu.

"Ranka ya daɗe, wata waya ce ta saki. Wancan zuwan ban ɗaure ta da kyau ba. Laifina ne."

"To ka ji. Wannan ne na ƙarshe. In ya sake, wani za mu kira."

Na ɗaukar masa jakar zuwa wajen babur, abin da ban saba yi ba. Ya ɗaure ta a baya a hankali, ya hau, bai tayar ba.

"Ɗana, da ka gaya mini kana so hoto ya lalace, na fi ka sanin hanya, ba mai ganewa. Amma ka daina ɗora wa injin ƙarya. Ba shi da bakin da zai kare kansa, kaina take faɗowa." Ya taka babur sau biyu kafin ya tashi. "Gemun ya yi maka kyau dai."

Na tsaya a wurin har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da yamma na tarar da Auta a tsakar gida tana wanke kayan makarantarta, Umma ta shiga maƙwabta. Na jawo kujera na zauna kusa da bokitin. Na daɗe ina kallon kumfa.

"Yaya, lafiya? Ko injin ya cinye maka yatsa?"

"Ke kika kai jaridar Umma."

Hannunta ya tsaya a cikin ruwa. "An zaɓe ta?"

"An zaɓa."

Ta matse rigar, ta sake tsoma ta ba dalili. "Ba don a yi maka dariya na kai ba. Wallahi, Yaya."

"To don me?"

"Tun ina aji uku nake ɗaukowa ina karantawa in Umma ba ta nan. Ka san abin da mutumin nan ya rubuta? Ya ce ku ba ku da tunani, ba ku da gida, ba ku da gobe. Ya san ka? Ya san wa ya bar makaranta don ni in zauna a ciki? Ya ɗauki hoto ya je ya zauna ƙarƙashin fanka ya rubuta abin da ya ga dama. Ko sunanka bai tambaya ba. Na ce in aka sa a aji zan tashi in ba shi amsa, da Turancin nasa, a gaban kowa. Har na rubuta abin da zan faɗa."

Na san gaskiya take faɗi. Ban yi niyyar in ce komai ba, maganar ce ta fito da kanta, a hankali.

"Ke ma ai ba ki tambaye ni ba, Auta."

Ta sunkuyar da kai har ɗankwalinta ya kusa taɓa ruwan. Can ta ce, "Gobe zan je in ce ni na kawo, a cire."

"Bari. Ni ne zan je. Akwai wanda na jawo wa faɗa, sai na fara wanke shi."

Na tashi na riƙe mata ɗaya gefen rigar muka matse tare.

Washegari kafin a shiga aji na je ofishin shugaba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce injin ba abin da ya same shi, Injiniya ma bai yi kuskure ba, ni ne na ƙara duhu da gangan. Ya tambaye ni dalili. Na ce a bar ni in gaya wa Malama Babba, don takardarta ce. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in na sake wasa da kayan makaranta sai dai in nemi wani wurin. Na ce na ji. Na roƙe shi ya kira Injiniya da kansa. Ya ce zai kira, kuma na tsaya har sai da ya ɗauki wayar.

Malama na same ta ita kaɗai tana duba littattafan yara da jan bironta. Na ajiye kwafin da Injiniya ya buga a gabanta, na sa yatsa a kan saurayin.

"Malama, ni ne."

"Kai ne me?"

Ban san yadda zan ƙara bayani ba, sai na ɗaga leɓena na nuna mata giɓin. Ta dubi hoton, ta dube ni, ta sake duban hoton. Ta ajiye biron a hankali kamar zai fashe.

"Innalillahi. Shekara ɗaya da rabi kana miƙo mini takarda. Kwana biyar hoton nan yana raina, har tambayoyi na rubuta a kan fuskar nan." Ta rufe ido da hannu. "Kuma muka zauna a teburinka muna dariya."

"Malam Dogo ne ya yi dariya, Malama."

"Ni ma na yi, a ciki na yi." Ta jawo takardar tambayoyinta ta kifa ta. "An cire. Jawabin nan mai shafi tara yana nan, su yi barcinsu."

Da na shigo abin da nake so ke nan. Amma da ta faɗa sai na ji ba daɗi, kamar an ɗauke ni an rufe da zani don kada baƙi su gani. Na ce, "Malama, in ba damuwa, ki karanta mini shi duka da Hausa tukuna. Ban taɓa ji ba."

Ta karanta. Ba ta tausasa komai ba, na kuma gode mata da hakan. Wani wurin mutumin ƙarya yake yi, don muna da gida. Wani wurin kuma gaskiya ce tsirara: ya ce in ka tare ɗaya daga cikinmu ka tambaye shi me ɗan takarar ya yi alkawari, ba zai iya faɗa ba. Ni ba zan iya ba. Har yau ban sani ba.

Da ta gama ta ce, "Na saba ni nake zaɓa. Wannan kai za ka zaɓa. Ka ce a'a, ba wanda zai ji dalili."

Na sake duban allon a hoton. Sai wani abu ya zo mini wanda ban taɓa tunaninsa ba sai da na ji an karanta.

"Malama, ranar nan akwai masu karatu da yawa a wurin. Wanda ya ba ni allon, da waɗanda ke kan dandamali suna fuskantarmu, da shi mai hoton. Tun hantsi har la'asar. Ba wanda ya ce, kai, juya allonka."

"Ba ko ɗaya?"

"Ba ko ɗaya. Ni ma kuma ban duba ba, ba zan ɓoye wannan ba. In za a sa, a sa da tambaya biyu. Me ya sa bai duba ba, me ya sa ba a gaya masa ba."

Ta ɗauki biron ta rubuta su a ƙasan nata, ta soke guda biyu daga cikin nata. Ta ce ko zan shigo ajin ranar. Na ce a'a, wannan ya fi ƙarfina. Ta ce Auta fa? Na ce ita ta kawo, kuma tana da abin faɗa.

Da rana na buga tamanin da huɗu. Na tsaya ina kallon fuskata tana fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace tana dariya. Na jera su a kife, na ɗora littafi a kai.

Ranar darasin ajinsu Auta bango ɗaya ne tsakaninmu. Na kashe fanka. Na ji an ja kujeru, na ji muryar Malama, na ji shiru na masu karatu. Sai dariya ta tashi, babba, irin ta yara in sun gano abu tare. Wani ya ce "Mai Kwafi!" a fili. Na zauna a ƙasa bayan injin, inda ko an leƙo ba za a gan ni ba. Dariyar ta ɗan jima. Bayan ta lafa na ji muryar Auta. Ban gane yawancin abin da ta faɗa ba, Turanci ne, ta kuma yi tuntuɓe sau biyu ta sake farawa. Amma ba ta zauna ba sai da ta kai ƙarshe. Daga nan muryoyi suka yi yawa, ana gardama, har aka kaɗa ƙararrawa ba su fito ba.

Ba zan ce abin ya wuce ba. Kusan mako biyu in na bi ta baranda sai wani ya ɗaga littafinsa a kife, abokansa su tuntsire. Wasu kuma suka fara gaishe ni da kyau fiye da da, wannan ma nauyinsa daban. Malam Dogo ya daina shigowa ɗakina, sai ya aiko da takardunsa, har ranar da ya zo da kansa ya tsaya yana ta yabon yadda nake maƙale takarda, ya rasa yadda zai fita.

Jaridar Umma na mayar mata ranar Asabar. Na yi niyyar in saka ta a akwati ba ta sani ba, sai ta shigo ta same ni durƙushe.

"Au, ashe kai ka ɗauka, Babana. Na yi ta nema."

Na ce a makaranta aka yi aiki da ita. Sannan na daure na ce, "Umma, allon nan da na riƙe, a kife yake."

"Na sani mana." Ta karɓa tana gyara ninkin. "Na kowa ya kalli gefe ɗaya, naka ya kalli wani. Ai ba sai na yi boko ba."

"To me ya sa kika ajiye?"

Ta buɗe ta kalli hoton, ta sa babban yatsa ta rufe allon.

"Tun da Babanku ya rasu ban ga haƙoranka a waje haka ba. Matsa in rufe akwatina."

Na matsa. Ta ɗaga zannuwan ta mayar da ita inda take, ta ɗora kwalbar turaren a kan tabon.